Yadda Za Ka Gane Ko Sabon Fulat na Hawan Ƙasa Yana Tare Ƙara Kafin Ka Biya Kuɗi

Tambayar da aka aiko: "Ina shirin sayen fulat a hawan ƙasa na wani sabon bene. An gama ginin, amma ba a tare a yawancin gidajen ba. Da na shiga shiru na ji, mai sayarwa kuma ya ce an bi duk ƙa'idar hana ƙara. Ni mai saurin farkawa ne, ga shi muna da jariri. Ta yaya zan gane gaskiyar lamarin kafin in sa hannu?"

Malam, sannu da hidima, Allah ya sa a saya a sa'a. Bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba: abubuwa biyun da ka dogara da su, shirun da ka ji da maganar mai sayarwa, babu wanda ya isa hujja a cikinsu. Shirun da ka ji na ginin da babu kowa a ciki ne. Ba a kunna talabijin a maƙwabta ba, babu yaro mai guje-guje a samanka, babu wanda ya ja ruwan banɗaki a hawa na uku da ƙarfe biyun dare. Ita kuwa maganar an bi ƙa'ida, ko da gaskiya ce, ƙa'idar gini a kusan kowace ƙasa mafi ƙarancin abin da hukuma za ta lamunta take faɗa. Ba ta yi wa mai saurin farkawa alkawarin barci ba.

Aikina auna sauti a gine-gine ne, kuma shawarar da nake ba duk mai irin tambayarka guda ce: ka raba matsalolin ƙara gida biyu, waɗanda za ka iya gyarawa bayan ka tare, da waɗanda aka riga aka zuba su cikin kankare. Taga, ƙofa, robar da ke gefensu, duk kuɗi na sauya su. Amma kaurin dekin da ke saman kanka, yadda aka yi daɓen maƙwabcinka na sama, inda bututun ruwan ƙazanta ya bi, da abin da ke bayan bangon da za ka jingina gadonka, waɗannan tun ran gini tun ran zane. A kansu za ka yanke shawarar saye ko fasawa. Sauran na ciniki ne, ko a rage maka farashi ko a gyara kafin a miƙa makulli.

Ƙara iri biyu ce ke shiga gida, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ke tafiya a iska: hira, kukan yaro, kiɗa, motar da ke wucewa. Ita nauyi ne ke tare ta, da rashin kafa. Duk lokacin da aka ninka nauyin bango, ana samun ƙarin desibel 5 zuwa 6 na kariya (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Dekin kankare mai kaurin santimita 20 yana da nauyin kusan kilo 480 a kowace murabba'in mita, shi ya sa da wuya ka ji hirar na sama ta cikinsa. Iri na biyu ita ce wadda ake bugawa a jikin ginin kansa: taku, jan kujera, faɗuwar cokali, injin wanki yana matse kaya, banko ƙofa. Wannan nauyi kaɗai ba ya hana ta. Kankare yana ɗaukar girgizar ya kai ta nesa, sai ta fito ta silin ɗinka da bangayenka, har ka rantse a ɗakinka ake yi. Maganinta a raba jikin da ake takawa da jikin ginin, a sa wani abu mai taushi a tsakani.

Kai da za ka zauna a ƙasa, wannan iri na biyun shi ne babban abin lura. Kana da riba guda: babu kowa a ƙarƙashinka, don haka in jaririn ya girma ya fara tsalle-tsalle ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Amma kowa a samanka yake, kuma maganin takun na sama a ɗakinsa ake yin sa, ba a naka ba. Da zarar an sayar da wancan fulat ɗin an tare, ba ka da iko da daɓensa.

Ga yadda daɓe mai kyau yake a irin wannan gini. A kan dekin ana shimfiɗa wata katifa ta musamman, ta audugar dutse (wata irin auduga da ake sarrafawa daga narkakken dutse), ko roba, ko wani irin soso mai lotsawa da aka yi don wannan aikin. A kanta ake zuba daɓen siminti mai kaurin santimita 4 zuwa 6 ko fiye, sannan a ɗora tayil ko katako. Sharaɗin aikin gaba ɗaya shi ne kada wannan daɓen ya taɓa bango, ko ginshiƙi, ko bututu, ko bakin ƙofa. Shi ya sa ake zagaye gefen ɗakin da wani siririn ɗamara na soso, ya tsaya tsakanin daɓe da bango. A nan aiki ke lalacewa. Na taɓa auna wani gida da aka kashe kuɗi sosai a kan katifarsa, sakamako ya fito kamar ba a sa komai ba. Da muka cire sikatin guda, wato tayil ko katakon da ake jerawa a gindin bango, a falon sama, sai ga dalili: mai sa tayil ya yanke ɗamarar soson tun kafin ya fara aiki, don ta tsone masa ido, ya cike gurbin da siminti har jikin bango. Layin siminti da bai kai kaurin yatsa ba ya haɗe daɓe da gini, takun ya samu hanya. Ba mugunta ya yi ba, a ganinsa kyautata aiki ya yi, domin babu wanda ya gaya masa amfanin soson. Abin da ke ba ni takaici ke nan a wannan fanni, kuskuren minti goma sai ya zama damuwar mutum ta shekara ashirin.

Saboda haka in ka samu shiga fulat na sama, durƙusa ka duba inda tayil ya haɗu da bango. Ya kamata ka ga siririyar tazara tsakanin tayil ɗin ƙasa da sikatin, a cike ta da abu mai taushi irin silikon, wanda in ka danna da farce zai lotsa. In ka tarar da siminti mai tauri ya haɗe su, alama ce mara kyau. Duba bakin ƙofar shiga, duba inda bututu ya huda daɓe a kicin da banɗaki. Waɗannan wuraren ne aka fi mantawa.

Yanzu ka ga cewa rashin mutane a ginin, wanda ya yaudari kunnenka, shi ne kuma damarka. Yau mai sayarwa na riƙe da makullin sama da na gefe. Bayan wata shida ba zai kasance haka ba. Nemi ya buɗe maka su, ka zo da mutum biyu: guda mai jiki, sanye da takalmi mai taurin dunduniya, guda kuma ya tsaya tare da kai don kunne biyu ya fi ɗaya. Ka rufe tagogi da ƙofofi, ka tsaya a ɗakin da za ka kwana, ku riƙa magana ta waya ko saƙo don ka san me ake yi a kowane lokaci. Ya fara tafiya irin ta yau da kullum da takalmi, sannan ya cire ya taka da dunduniya ba takalmi, sannan ya ɗan yi gudu irin na yara. Ya yar da makulli daga tsayin ƙugu. Ya ja kujera in akwai, ko wani abu mai ƙafa. Ka saurari abu biyu daban. Na farko shi ne ƙwas-ƙwas mai kaifi na takalmi da makulli. In katifar daɓe na aiki, wannan zai zo maka a dushe, can nesa, ko ma ba za ka ji ba. In ka ji shi tar, har kana iya bin sawun mai tafiya daga kusurwa zuwa kusurwa, to ko ba a sa katifa ba ko an haɗe ta da bango. Na biyu shi ne dum-dum mai nauyi na dunduniya. Wannan katifa ba ta cika kashe shi ba, kauri da ƙarfin dekin ne ke rage shi, kuma ya fi yawa a benen da aka yi da katako ko ƙarfe mara nauyi. Jin sa kaɗan ba laifi ba ne, kusan kowane bene yana da shi. Amma in har kana jin sa a ƙirjinka, ko fitilar silin na motsi, ka sani haka zai kasance kullum, kuma shi ne mafi wuyar magani a duk ƙarar gida.

Daga nan abokin naka ya koma fulat na gefe. Ya yi magana da murya ta hira, sannan ya ɗaga murya, sannan ya kunna ƙaramar sifika da kiɗa mai ganga. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: hira ta yau da kullum bai kamata ka ji ta ba. Murya mai ƙarfi kana iya jin gunaguninta, amma bai kamata ka tsinci kalmomi ba. In ka maimaita abin da ya faɗa, bangon ya faɗi jarrabawa. Ka zagaya ɗakin kana kasa kunne a wurare daban-daban: jikin bangon da ya raba ku, soket ɗin wuta, kusurwar da bangon ya haɗu da bangon waje, da ƙasa kusa da daɓe. In sautin ya fi fitowa ta soket, wataƙila an huda bango ta ɓangarorin biyu a wuri ɗaya, soket na kallon soket, kuma wannan yana gyaruwa. In ta bangon waje ko ta ƙasa yake fitowa, to sautin ya zagaye bangon rabon ne ta wani jikin ginin da ya ratsa gidajen biyu, kuma ƙara wa bangon kauri ba zai amfana da komai ba. Wannan zagayen ya fi samun hawan ƙasa, domin wasu magina suna zuba daɓen ƙasa a haɗe, shimfiɗa guda daga farfajiyar shiga har cikin gidaje, suna ganin tunda babu kowa a ƙasa ba a buƙatar katifa. Sai takun duk mai shigowa ginin ya biyo daɓe ya iso gindin gadonka. Gwada wannan ma: abokinka ya yi tafiya a farfajiya, ya hau matakala ya sauko da sauri.

Ka lura da abu guda kada ya ruɗe ka. Ɗakin da babu kaya yana amsa kuwwa, don haka komai zai ɗan fi ƙarfi fiye da yadda zai kasance in an sa gado, labule da kafet. Kayan ɗaki na rage desibel kaɗan, ba su mayar da mummunan dekin mai kyau.

Sai bututu, wanda masu saye ba su cika tunawa da shi ba, alhali shi ne masifar hawan ƙasa ta musamman. Duk ruwan banɗaki da kicin na benayen sama a bututu guda yake gangarowa, kuma a wajenka yake karya kwana ya miƙe zuwa waje. A wannan kwanar ruwa ke dukan bututu da duk ƙarfin da ya taro. Abin ya fi muni idan tsarin hawan ƙasa ya bambanta da na sama, wanda yakan faru saboda farfajiya, shago ko gareji. A irin wannan hali sai bututun ya sauko a inda babu banɗaki a ƙasa, dole a kwantar da shi cikin silin a kai shi wani wuri, wani lokaci ta saman ɗakin kwana. Aika abokinka hawa mafi tsawo da aka buɗe muku ya ja ruwan masai, ya cika abin wanke hannu ya sake shi gaba ɗaya, kai kuma kana tsaye a ɗakin kwana. In akwai murfin dubawa a jikin akwatin da aka ɓoye bututun, buɗe ka leƙa. Bututun baƙin ƙarfe ko na roba mai kauri da nauyi ya fi siririn farin bututu shiru nesa ba kusa ba. Maɗaurin da ya riƙe shi a bango ya zama mai roba a ciki. Kwanar ƙasa ta zama guda biyu masu digiri 45, ba guda mai digiri 90 ba. A naɗe shi da audugar dutse, kada filasta ta taɓa jikinsa. Ƙa'idar Jamus ta DIN 4109 ta iyakance ƙarar irin waɗannan kayan aikin gini a falo da ɗakin kwana ga desibel 30, kuma wannan adadi ne mai kyau da za ka riƙe ko a ina kake.

Hawan ƙasa kuma shi ne maƙwabcin duk injinan gini. Injin turo ruwa, janareta, taransfoma, ramin lif, fankar gareji, ƙofar gareji mai inji, ɗakin shara, akwatunan wasiƙa, babbar ƙofar shiga da ke bankowa sau ɗari a rana, duk ƙasa ake ajiye su ko ƙarƙashin ƙasa. Karɓi taswirar ginin gaba ɗaya, ba ta fulat ɗinka kaɗai ba: ta hawan ƙasa, ta wanda ke samanka, da ta ƙarƙashin ƙasa in akwai. Sa yatsa a kan ɗakin kwananka ka duba abin da ke kowane gefensa, sama da ƙasa. Tsari mai kyau yana ɗora ɗakin kwana a kan ɗakin kwana, kicin a kan kicin, ya sa banɗaki ko ɗakin ajiya tsakanin wurin barci da matakala ko lif. In ka ga kicin ko falon maƙwabci a saman ɗakin kwananka, ko ramin lif a bayan kan gadonka, to ko ginin ya ci kowace jarrabawa, kai za ka riƙa ji. Nemi a kunna maka injinan kana ciki. Gurnaninsu mai zurfi ne, taransfoma misali yana ruri da girgiza 100 a daƙiƙa inda wutar lantarki ke kan 50, kuma irin wannan sauti yana ratsa bango fiye da murya. Da rana ba ka lura da shi, da dare shi kaɗai za ka ji. Duba ko an ɗora injin a kan roba ko sifirin, ko kuwa an ɗaure shi kai tsaye a kankare.

Ƙarar titi zan taƙaita a kanta, domin yawancinta tana gyaruwa. Abin da ya bambanta ka da na sama kusanci ne. Sautin da ke fitowa daga wuri guda yana raguwa da desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka. Motar da aka tayar mita 2 daga tagarka, na hawa na huɗu yana jin ta daga kusan mita 12, bambancin kusan desibel 15 ke nan. Don haka ka duba ko akwai wurin ajiye mota, hanyar masu ƙafa ko wurin zaman jama'a a gindin tagar ɗakin kwana. A ɗaya ɓangaren, katanga ko wani gini na iya kare ka daga babban titi mai nisa fiye da yadda yake kare na sama. Shuke-shuke kuwa ido suke karewa, ba kunne ba. A taga, robar gefe ta fi gilashi muhimmanci, domin ƙara kamar ruwa a bokiti take, huji guda ya ishe ta. In kashi 1 cikin 100 na faɗin bango a buɗe yake, kariyar bangon ba za ta wuce desibel 20 ba komai kaurinsa. Sa takarda a bakin taga ka rufe, ka ja. In ta zare ba gardama, robar ba ta matse ba. Taga mai zamewa gefe ba ta kai mai buɗewa irin ta ƙofa matsewa ba. Gilashi biyu masu kauri ɗaya, milimita 4 da 4, suna ba da kusan desibel 30, wato kusan daidai da gilashi guda, don an yi su ne saboda zafi da sanyi. Masu kauri daban-daban, ɗayansu mai leda a tsakiya, suna iya kaiwa 40. Haka zancen yake a bango: farin soso mai tauri da ake mannawa don tare zafi ba ya tare ƙara, wani lokaci ma yana ƙara ta. In mai sayarwa ya ce gidan na da rufi mai kyau, tambaye shi na zafi ne ko na sauti. Kada ka manta da kafar shan iska da akwatin labulen ƙarfe a saman taga, ta nan ƙara ke satar hanya. Sannan ka tambayi kanka ko za ka iya barci da taga a rufe duk shekara, domin tagar da aka ɗan buɗe kariyarta ba ta wuce desibel 15.

Ƙofar shiga fulat ɗinka ta zama mai nauyi, da roba a gefe uku da abin toshe ƙasa. Kashe fitilar ciki, a kunna ta farfajiya, duk inda haske ya shigo sauti ma zai shigo. Ƙa'idar Jamus ta nemi desibel 27 ga ƙofar da ke buɗewa cikin ɗan zaure, amma 37 ga wadda ke buɗewa kai tsaye cikin falo, kuma wannan bambancin ya nuna maka darajar ɗan zauren da ƙofa ta biyu.

Yanzu ga lambobi, domin da su za ka kama mai sayarwa. Hira a tazarar mita guda kusan desibel 60 ce. Ƙarin desibel 10 kunne na jin sa kamar ƙara ta ninka, bambancin 3 kuwa da ƙyar ake gane shi. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 1999 ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a ɗakin kwana da dare ya wuce 30, kuma kada ƙara mai zuwa farat ɗaya ta wuce 45. A takardar gwaji za ka ga lamba biyu. Ta ƙarar iska, mai alamar R'w ko DnT,w, ana son ta yi yawa. Ta taku, mai alamar L'n,w ko L'nT,w, ana son ta yi ƙasa, domin ita ƙarar da ta iso ɗakinka take nunawa. Mutane da yawa suna juya wannan. A Ingila, sabon fulat dole ya kai 45 a ƙarar iska bisa nasu lissafin, taku kuma kada ya wuce 62. Faransa ta tsaya a 58 ga taku. Jamus a ƙarar iska tana neman 53 ga bangon rabo, 54 ga dekin, taku kuma 50, bayan da bugun 1989 ya yarda da 53. Amurka na amfani da STC ga ƙarar iska da IIC ga taku, duka biyun ana son su yi yawa, ƙa'idar da aka fi bi a can tana neman 50, ko 45 in a cikin ginin aka auna. Hanyoyin lissafin sun ɗan bambanta, ba a jera su kafaɗa da kafaɗa, amma tazarar da ke tsakanin 62 da 50 ta isa ta nuna maka cewa gidaje biyu na iya bin ƙa'ida, ɗaya ana barci ɗaya ba a yi. Ko a Jamus mai tsaurin ƙa'ida, babbar kotun tarayya ta yanke a 2007 da kuma 2009 cewa mafi ƙarancin abin da DIN 4109 ta lokacin ta tanada bai kai abin da mai sayen gida na yau da kullum ke da haƙƙin tsammani ba. A ra'ayina, mai saurin farkawa ya nemi taku 50 ko ƙasa da haka, in ya samu 46 ya yi dace.

Tambayi mai sayarwa: an auna a cikin wannan ginin bayan an gama, ko lambar da ke takardar masana'anta ce? Alamar Rw, wadda ba ta da ɗan waƙafin sama, ta ɗakin gwaji ce, inda babu zagaye, babu kuskuren magini. Wadda aka auna a gini kusan kullum tana ƙasa da ita. Gwajin gaskiya ana yin sa bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 16283, da babbar sifika a ɗaki guda da ma'auni a ɗayan, sai kuma na'urar taku mai guduma biyar, kowace gram 500, suna faɗowa daga tsayin santimita 4, bugu goma a daƙiƙa. In akwai rahoto, duba waɗanne gidaje aka auna. Ba a auna duka, a Ingila misali ana ɗaukar samfuri ne, kusan gwaji guda ga kowane gida goma, don haka mai yiwuwa naka ba ya ciki. In babu rahoto, ko gwajin kunnenka ya bar ka da shakka, ɗauko masanin sauti mai zaman kansa ya auna maka dekin da bangon rabo. Aikin yini guda ne ko ƙasa da haka, kuma kuɗinsa ɗan kaɗan ne a kan kuɗin gida. Manhajar waya kada ka dogara da lambarta, ba a daidaita ta ba, kuma ba ta kama sauti mai zurfi ko mai rauni sosai. Amfaninta kwatanta waje da ciki a lokaci guda.

Ka koma wurin a lokutan da ba mai sayarwa ya zaɓa ba: da sassafe lokacin fita aiki, da yamma, da kuma daren ƙarshen mako. Ko ba a buɗe maka ba, tsaya a gindin tagar ɗakin kwanan na kwata guda ka kasa kunne. In akwai waɗanda suka riga suka tare, gaishe su ka tambaye su me suke ji, musamman wanda ke da maƙwabci a samansa. Akwai kuma abin da mutane ke mamaki: unguwa mai shiru da taga mai kyau suna sa a fi jin maƙwabta, don babu hayaniyar waje da za ta rufe su. Sabon gini mai matsattsun tagogi yana buƙatar dekin da ya fi na tsohon gini kyau kafin mazauna su ji daɗi iri ɗaya.

In ka tambaye ni yaushe zan ce ka fasa, zan ce a hali uku: ka ji takalmin na sama tar kuma mai ginin ya ƙi a auna ko a gyara, ko bututu ko lif ko inji na manne da ɗakin kwana kuma babu wani ɗakin da za ka koma, ko an hana ka makullin sama ba da wani dalili ba. Kada ka saya da niyyar gyara silin daga baya. Silin na biyu da aka rataya a kan maɗaurai masu roba, da audugar dutse a ciki da allon jifsam ninki biyu, yana cin santimita 10 zuwa 15 na tsayin ɗaki, yana rage hira da ƙwas-ƙwas, amma takun da ya biyo bangaye yana nan, dum-dum ɗin ma yawanci yana nan. Soson da ake mannawa a bango irin na ɗakin ɗaukar murya kuwwar cikin ɗaki yake ragewa, ba ya hana ta waje shigowa.

In kuma gwajin ya yi kyau ka yanke shawarar saye, sa a rubuta lambobin a cikin yarjejeniya, na ƙarar iska da na taku, tare da cewa a cikin ginin za a auna su, da wanda zai ɗauki nauyin gyara in ba a kai ba. Kalmomi irin su "gida mai shiru" a takardar talla ba su da ma'auni. Karanta dokokin mazauna ginin ka ga ko sun hana mai fulat na sama fasa daɓensa ko sauya kafet da tayil ba tare da katifa ba, domin gidan da ya ci jarrabawa yau yana iya faɗuwa ranar da sabon maƙwabci ya yi gyare-gyare. Ka kuma tambayi tsawon wa'adin da mai gini ke ɗaukar alhakin aibu, wanda ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Matsalar ƙara ba ta bayyana sai ginin ya cika, wani lokaci bayan shekara guda, don haka da ka fara jin wani abu ka riƙa rubuta rana da lokaci da ɗakin da ka ji shi, ka aika ƙorafinka a rubuce tun wa'adin bai ƙare ba.